Ragon barbara: mai tsoka ko mai tara kitse?

Malam, cikin ragunan nan biyu da kake shawarar saya don barbara, ɗauki mai jinin tsoka, ka bar mai tara kitsen.

Irin mai tsokar ne a garkena, fari dogo, gadon bayansa cike da nama. Da muka yanka ɗansa a sunan jikata, ragowar romon ya kwana a tukunya, da safe ɗan maiƙo ne kawai ya taso sama, cokali ya kwashe shi. Mahaucin da ya feɗe shi kuwa sai juya cinyoyin yake yi, yana cewa wannan ai naman kilishi ne.

Ba yawan kitsen ne kaɗai ke sauyawa ba, har da irinsa. Maiƙon cikin nama kashi biyu ne. Akwai na ajiya, wanda ke taruwa idan dabba ta yi ƙiba, mafi yawansa mai daskarewa ne, irin su sinadaran mai da ake kira falmitik da sitiyarik, sai kuma oleyik, wanda shi mai na ruwa ne. Sitiyarik ɗin ne ke sa kitsen rago ya manne maka a ganɗa da zarar nama ya huce, kuma ya fi yawa a kitsen ƙoda. Akwai kuma wanda ke jikin ƙwayoyin tsokar kanta, kusan adadinsa ɗaya ko dabbar ta yi ƙiba ko ba ta yi ba, kuma can su omega-3, wato nau'in mai da ke da amfani ga lafiyar jiki, suka fi zama. In ka dinga zaɓen masu tsoka haihuwa bayan haihuwa, na ajiyar ke raguwa, sai kason mai amfanin ya ɗaga. Haka ake gani a tumakin Texel na ƙasar Holan, waɗanda suka yi suna da yawan tsoka da ƙarancin kitse.

Mai kitsen ma yana da ranarsa, balangunsa ya fi taushi, kuma yana ɗaukar ido a kasuwar Sallah. Iyakar abin da zan ce a kansa ke nan.

Sai dai kada ka jingina komai ga jini. Tumbin tunkiya yana mayar da yawancin mai na ruwa da ta ci zuwa mai daskarewa, don haka bambancin ba zai kai yadda ake zuzutawa ba. Ɗanyar ciyawa ta fi dusa da masara ƙara omega-3 a nama. Ka ɗaure mai tsokar a turke yana ta cin dusa, to shi ma zai tara.

Ka kuma yi hattara da wasu dillalai. Suna ɗura wa rago ruwan kanwa ko gishiri cikinsa ya cika, wasu kuma ramammen rago za su nuna maka su ce mai tsoka ne. Sa hannu ka latsa gadon baya da gindin wutsiya. Tsoka tauri gare ta, kitse yana zamewa ƙarƙashin yatsa, rama kuwa ƙashi za ka ji. In da hali, ka je garken da aka haife shi ka ga uwarsa da 'yan'uwansa kafin ka biya.