SPSS, Stata, R ko na kyauta: wace manhaja ta dace da bincikenka?

Duk ɗalibin digiri na biyu ko na uku ya san cewa a babi na huɗu gizo ke saƙar. An gama zagayen tattara bayanai, takardun tambayoyi sun cika kwali, sannan ake fara tunanin manhajar da za a yi nazari da ita. A nan da yawa ke faɗawa ɗayan ramuka biyu: ko su kai kwamfuta shago a ɗora musu SPSS na sata, ko su damƙa wa wani aikin kacokan su biya shi, ya miƙo musu jadawalin da ba su san yadda aka haife shi ba. Na farko yakan shigo da ƙwayar cutar kwamfuta, ko ya tsaya cak ana tsakiyar aiki. Na biyu kuwa ranar kare kundi asiri ke tonuwa, lokacin da mai jarrabawa daga wata jami'a ya tambayi dalilin zaɓar wannan gwajin maimakon wancan. Ma'aunina ɗaya ne: zaɓi manhajar da za ka sarrafa da hannunka, ka kuma kare sakamakonta da bakinka.

Mu fara da masu aiki da alƙaluma, domin su ne suka fi yawa a tsangayoyin ilimi, lafiya da kimiyyar zamantakewa.

SPSS ita ce tsohuwar gida. Ta fito a 1968, kamfanin IBM ya saye ta a 2009, kuma yawancin malamanmu a BUK, ABU da Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ita suka yi nasu digirin. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin idan ka maƙale akwai wanda za ka tambaya a ofishin da ke kusa. Danne-danne ake yi a cikinta, ba sai ka koyi rubuta umarni ba. Matsalarta kuɗi. Lasisin ɗalibai na wata 6 ne ko 12, da dala ake biya, kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 nauyin ya ninka. Akwai kuma tarkon da ba a cika faɗa wa ɗalibai ba: lasisin hawa-hawa ne. Mafi araha, wato Base, ba ya ɗauke da rigireshan na lojistik (lissafin gano abubuwan da ke shafar amsa mai fuska biyu, i ko a'a), wanda kusan duk ɗalibin lafiyar al'umma zai buƙata idan yana neman abin da ke sa uwa ta kai ɗanta rigakafi ko ta ƙi. Sai ka hau zuwa Standard. Duba jerin gwaje-gwajen da ka rubuta a babi na uku kafin ka biya ko sisi.

Idan abin da za ka yi bai wuce ƙirga kaso, gwajin t, ANOVA, ma'aunin Cronbach da rigireshan ba, wanda shi ne kusan dukan aikin ɗaliban ilimi masu amfani da ma'aunin Likert (tambayoyin da ake amsawa daga "na yarda sosai" zuwa "ban yarda ba sam"), to jamovi ta ishe ka. Kyauta ce, fuskarta ta yi kama da ta SPSS, tana buɗe fayilolin SPSS kai tsaye, kuma jadawalinta na fitowa a tsarin APA, wato salon tsara rubutun bincike da sassa da yawa ke nema. JASP, wadda aka gina a Jami'ar Amsterdam, 'yar'uwarta ce. A ganina, ga mafi yawan masu digiri na biyu, kuɗin lasisin SPSS ya fi amfani idan an kashe shi wajen ƙara yawan makarantu ko asibitocin da za a ziyarta. Sai dai ka fara tuntuɓar malamin da ke duba aikinka. Wasu sassan sun saba ganin sunan SPSS a kundi, kuma gara ka ji ƙorafin yanzu da ka ji shi a zauren kare kundi.

Lamarin ya sauya idan da bayanan manyan safiyo na ƙasa za ka yi aiki, irin binciken lafiya da yawan jama'a na NDHS da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2018. Waɗannan bayanan kyauta ake bayarwa bayan ka yi rajista ka bayyana manufarka, amma ba a zaɓi mutanen cikinsu ɗai-ɗai ba. An fara zaɓar unguwanni da ƙauyuka ne, sannan gidaje, kuma kowane mutum yana da nauyin da aka ba shi gwargwadon jama'ar da yake wakilta. Wanda ya yi biris da wannan tsari zai samu alƙaluman da suka yi kyau a ido amma ba su wakiltar jihar da yake magana a kanta. A nan Stata, wadda ta fito a 1985, ta yi fice: da umarni ɗaya, svyset, za ka sanar da ita tsarin, ta riƙa lissafi a kansa duk lokacin da ka sa svy: a gaban umarni. A SPSS sai ka mallaki wani ɓangare na daban mai suna Complex Samples, wanda ba ya cikin ƙananan lasisin. Ita ma Stata da dala ake sayenta, tana da farashin ɗalibai, kuma mafi ƙanƙantar nau'inta, BE, yana ɗaukar ginshiƙan bayanai 2,048 ne kawai, don haka sai ka tsamo waɗanda kake buƙata daga babban fayil.

R kuwa, wadda Ross Ihaka da Robert Gentleman suka fara a Jami'ar Auckland, tana yin duk abin da waɗancan ke yi, ba a biyan ko kwabo. Da lokaci ake biyanta. Dole ka koyi rubuta umarni, kuma makonnin farko akwai ciwon kai. Mai digiri na uku da ke da shekara uku a gabansa, yana kuma fatan buga maƙalu a mujallun waje, ya daure ya koya, zai ci moriyarta har ya yi ritaya. Wanda saura wata biyu ya miƙa kundi kada ya fara. Ita kuma manhajar Epi Info da likitoci suka daɗe suna amfani da ita, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta sanar da daina kula da ita a 2025, don haka ba zan ce sabon ɗalibi ya ɗora aikinsa a kanta ba.

Tun kafin nazari ma, yi tunanin yadda za ka tattara bayanan. Google Forms na buƙatar intanet, alhali ƙauyen da za ka je mai yiwuwa ko kira ba ya shiga. KoboToolbox na aiki a wayar Android babu sabis, ta tura bayanan idan an dawo gari, kuma za ka iya saka kowace tambaya da Hausa da Turanci a fom ɗaya. Ta raba ka da kuɗin hoton takardu da wahalar shigar da amsoshi ɗari huɗu da hannu, inda kurakurai suka fi shiga.

Masu binciken hira da tattaunawar rukuni su ne aka fi ruɗa da talla. NVivo, ATLAS.ti da MAXQDA manhajoji ne masu kyau da tsada, amma babu wadda za ta fahimci abin da ungozoma ta faɗa maka. Aikinsu su taimake ka ka yi wa maganganu alama, ka tara masu jigo ɗaya wuri guda. Idan hirarrakinka ba su wuce ashirin ba, Taguette ko QualCoder, waɗanda kyauta ne, za su yi. Ainihin wahalar tana wajen mayar da murya rubutu, inda hirar awa ɗaya kan cinye rabin yini. Manhajojin da ke yin wannan da kansu har yanzu suna tuntuɓe da Hausa, balle idan Sakkwatanci ne ko an gauraya da Fulatanci. Ka kuma tuna alƙawarin sirri da ka yi wa kwamitin ɗa'ar bincike da mutanen da suka amince da kai: ɗora muryar mai ɗauke da wata cuta a shafin da ba ka san mai shi ba cin amana ne, kuma Najeriya na da dokar kare bayanan jama'a tun 2023. Shawarata, rubuta hirar da Hausa, yi nazarin da Hausa, ka fassara abin da za ka kawo a kundi kaɗai.

Ɗaliban harshe sun fi kowa sa'a, domin manyan kayan aikinsu duk kyauta ne: Praat don auna karin sauti da tsawon wasali, ELAN don daidaita rubutu da bidiyo ko murya, AntConc don ƙirga kalmomi a tarin rubutu. Su kuɗinsu ya tafi ga rikoda mai ɗaukar sauti a tsarin WAV, wanda ba ya matse sauti, irin Zoom H1n, saboda saƙon murya na WhatsApp an matse shi, ba zai ba da awo mai inganci ba. Mai aiki da AntConc ya adana fayilolinsa a UTF-8, tsarin da ke riƙe haruffa irin ɓ, ɗ da ƙ, ya kuma gyara haruffa masu ƙugiya kafin ƙirga, in ba haka ba kalmomi daban-daban za su haɗe a lissafi.

Wajen tsara manazarta, Zotero ta wadatar, ba sai ka sayi EndNote ba. Abin da ya rage a aljihu ka zuba shi a kwamfutar kanta. Ko ta hannu ce babu laifi, matuƙar tana da RAM na gigabait 8 da ma'ajiyar SSD, kuma ka gwada batirin a shagon, ka cire caja ka zauna da ita ka ga ko za ta jure ɗaukewar wuta. Ka haɗa da filashi biyu na ajiye kwafin aikinka, ɗaya ya riƙa kwana a gidan da ba naka ba.