Littafin tatsuniyoyin Amurka da ya yanke mana labarin John Henry

Na sayi littafin nan ne don yara su saba da karatun Turanci. Daren farko muka karanta Paul Bunyan, ƙaton mai saran itace, da shuɗin sansa Babe, waɗanda aka ce sawun ƙafarsu ne ya zama tafkunan jihar Minnesota. Zuƙi ta malle ce zalla, amma yaran sun yi dariya har da riƙe ciki. Pecos Bill da ya hau guguwa kamar doki ma ya yi musu.

A kan John Henry aka ɓata min rai. Baƙar fata ne, leburan hanyar jirgin ƙasa, aikinsa dukan ƙarfe da guduma yana huda dutse a zuba nakiya. Da aka kawo injin mai aiki da tururi, sai ya ce a gwada su a ga wanda zai fi. Autana ya matso ya riƙe hannun rigata, ya ce, "Baba, zai ci injin?" Ina juya shafi sai ga fararen takardu huɗu, ko ɗigon tawada babu. Dole na ƙarasa da ka: ya ci injin, sannan zuciyarsa ta buga, ya faɗi da gudumarsa a hannu. Yaron ya yi shiru, can ya ce shi hoton yake so ya gani. Wallahi har yanzu abin yana cina. Mutumin da aka kafa wa mutum-mutumi a Talcott ta West Virginia a 1972, kusa da ramin jirgi na Big Bend, shi ne aka bar labarinsa ba ƙarshe. Na koma wurin mai shagon, ya ce tunda an yage leda ba a mayarwa.

Da na yi niyyar cewa ku saya, ku dai duba shafuka tukuna. Sai na tuna wani abu. An jera Davy Crockett da Bunyan kamar dukansu ƙirƙira ne, alhali Crockett ɗan majalisa ne daga Tennessee, an kashe shi a yaƙin Alamo, a Texas, a 1836. Johnny Appleseed, mai dashen itatuwan tuffa, shi ma mutum ne na gaske, John Chapman sunansa, an haife shi a 1774. Layi ɗaya ya isa a faɗa wa yaro haka, ba a yi ba. Tauraro biyu na ba littafin, su ma albarkacin Babe.