Sharhi kan abincin hantsi na ƙarshen mako a wani ƙaramin gidan abinci

Cin abinci da hantsi a ranakun Asabar da Lahadi, inda ake haɗe karin kumallo da abincin rana a zama ɗaya, ba sabon abu ba ne. Tun a shekarar 1895 wani marubuci ɗan Ingila mai suna Guy Beringer ya yi rubutu yana kira da a rungumi wannan ɗabi'a, kafin daga bisani ta samu karɓuwa a Amurka cikin shekarun 1930. Gidan abincin da nake sharhi a kansa ya dogara ne kacokan a kan wannan zama, kuma abin da yake sayarwa abinci ne marar ƙawa wanda kowa ya sani: ƙwai, gasasshen burodi, soyayyen dankalin Turawa da fanke mai faɗi irin na Amurkawa. A ganina, irin wannan abinci ne ya fi tona asirin mai dafuwa, domin babu tarin kayan ƙamshi da zai ɓoye kuskure a bayansu.

Ƙwai ne ya fara gamsar da ni. Na nemi wanda ake fasawa a dafa cikin ruwan zafi ba tare da ɓawo ba, a ɗora shi a kan burodi, sannan a zuba masa miyar nan ta Faransawa da ake haɗawa da gwaiduwa da man shanu da ruwan lemon tsami. Farin ƙwai yana fara daskarewa ne a wajen digiri 62 na ma'aunin Salshiyas, gwaiduwa kuma sai zafin ya kai wajen digiri 65 zuwa 70, saboda haka tazarar da ke tsakanin ƙwan da ya yi daidai da wanda ya wuce ƙanƙanuwa ce ƙwarai. Nawa ya zo da fari a kame, gwaiduwa kuma ta malalo a hankali da na sa wuƙa. Miyar ma ba ta tsinke ba, alhali an san cewa da zarar wuta ta yi mata yawa, ko ta daɗe a ajiye, man yakan rabu ya taso sama. Wannan ya nuna mini cewa ana haɗa ta kaɗan-kaɗan ne, ba a girka tukunya guda tun da asuba a riƙa ɗiba ba.

Fanken ya zo da laushi da tashi, alamar ba a wahalar da kwaɓin ba, tun da yawan juya fulawa yana fito da danƙonta, fanke ya koma kamar roba. Abin da ya ƙara masa daraja shi ne zumar itacen mapul ta gaskiya da aka kawo tare da shi, maimakon ruwan sukari mai launi da wurare da yawa suke bayarwa. Wanda ya san cewa sai an dafe kimanin lita 40 na ruwan itacen kafin a samu lita ɗaya, kuma mafi yawanta daga lardin Kebek na Kanada take fitowa, zai fahimci dalilin da ya sa ake kawo ta a ɗan ƙaramin kofi. Dankalin ya yi ƙamas-ƙamas a waje, cikinsa kuma ya nuna, sai dai gishirinsa ya ɗan yi yawa.

Kofi ne bai kai sauran ba. Ɗacinsa irin na wanda ya daɗe a kan wuta ne, kuma abin mamaki ne a ce madafar da take kula da ƙwai haka ta yi sakaci da abin sha da kusan kowane tebur yake nema. Ruwan lemon da ake matsewa nan take ya fi shi nesa ba kusa ba.

Wurin kansa ƙarami ne, da tebura na katako da kujeru masu taushi da tagogi masu shigo da haske, kuma ma'aikatan ba sa tsaya wa mutum a ka don ya tashi, ko da ya gama cin abinci yana hira. Wannan karamcin yana da nasa nauyin, domin idan rana ta ɗaga layin masu jira yakan kai bakin ƙofa, ga shi ba a karɓar ajiyar tebur a ƙarshen mako. A lokacin ne kuma hayaniya take cika ɗakin, har sai mutum ya ɗaga murya kafin na kusa da shi ya ji. Mai zuwa da iyali ko tsofaffi gara ya iso da zarar an buɗe, lokacin da akwai wurin zama kuma madafa ba ta rikice da oda ba, ya nemi ƙwai da fanke, ya kuma roƙi a rage gishirin dankalin.