Sharhina kan kit ɗin haɗa kujerar tsere mai motsi: tana motsi kam, amma ku ji abin da ta yi wa yayana

Da a makon da na gama haɗa kujerar nan na rubuta sharhin nan, wallahi taurari biyar zan ba mai kayan ko tunani ba zan yi ba. Kun dai san mutumin, wanda yake ta tallar kit ɗin a guruf-guruf na 'yan gem, ba sai na kama suna ba, kuma kun san kuɗin da yake sawa, ba kuɗin wasa ba ne a wannan marrar.

Abin da ya zo a kwalin: Arduino Uno, wato ɗan allon kwamfuta mai sarrafa motsin, da aka riga aka loda wa manhajar SMC3, bod biyu na IBT-2 masu tuƙa moto, bolum biyu irin na ƙara murya a rediyo waɗanda su ne ke gaya wa Arduino inda hannun moto yake, wasu 'yan robobi na haɗa bolum ɗin da bakin moto, wayoyi, sai fawa, wato na'urar ba da wuta, mai bolt 12 irin wadda ake cirowa daga tsofaffin manyan kwamfutoci. Sauran duk kai za ka nemo. Ni Panteka na shiga na samo moton waifa guda biyu, da kujerar gaba ta wata tsohuwar Golf, da kuros na furofela wanda a kansa kujerar za ta zauna ta riƙa juyawa. Mai waldan unguwarmu da na kai masa zanen sai ya kalle ni ya ce "Malam wai kujerar aski ce ko ta likitan haƙori?" Amma ya yi aiki mai kyau, shi kam ba ni da abin cewa a kansa, har shi ya ba da shawarar mu ɗora kujerar a kan bututu in zauna mu gano daidai inda nauyina ya daidaita kafin ya manna kuros ɗin, saboda in ka manna shi baya ko gaba da yawa moto ne zai yi ta ɗaukar nauyinka a banza yana zafi.

Gaskiya ranar da ta fara motsi na ji daɗin da na daɗe ban ji ba. Na ɗaura sitiyarin gem ɗina G29 a gaba, na buɗe FlyPT Mover, manhajar da ke tura motsin gem zuwa kujera, tunda kyauta ce, na shiga gem ɗin tseren mota Assetto Corsa na zaɓi Nordschleife na Jamus, hanyar nan mai kilomita 20.8 da na haddace tun ina buga ta a kan teburin karatu. Ka taka birki kujera ta tuntsura gaba kaɗan, ka taka totur ta kwanta baya, ka shiga kwana ta karkata gefe, kuma abin mamaki motsin ba wani mai yawa ba ne, 'yan digiri ne kawai, amma nauyin jikinka da ke zamewa shi ke yaudarar ƙwaƙwalwa har ta yarda mota ce ke jan ka. Da na faɗa cikin Karussell, kwanar nan mai gangare da aka shimfiɗa da kankare, sai na ji kujerar tana kakkarwa a ƙarƙashina tana jingina ni gefe, na samu kaina ina ihu ni kaɗai a ɗaki har maiɗakina ta leƙo tana tambaya lafiya. A gem ɗin Dirt Rally 2.0 ma ta yi, sai dai shi sai ka buɗe fayil ɗin saitinsa ka kunna UDP, wato hanyar da yake fitar da bayanai, da hannunka kafin ya fara turo bayanan motsi, wannan kuma ba a rubuta shi a takardar da ta zo da kit ɗin ba, takardar ma shafi ɗaya ce da hoton da ba a gani sosai.

Matsala ta farko ƙarama ce. Duk lokacin da na taka birki da ƙarfi moto ya juya baya da sauri, sai fawa ta ɗauke ɗif, kujera ta tsaya a karkace. Na yi wa mai kayan magana ya ce ai sananne ne, moto in ya juya baya farat ɗaya yana maido wuta cikin fawa ita kuma sai ta kare kanta ta mutu, in samo batirin mota in haɗa shi tare da fawar ya riƙa shanye wutar. Na yi hakan kuma ya yi aiki, har na yi masa godiya na ce Allah ya ƙara kasuwa. To ku riƙe zancen batirin nan.

Ranar wata Asabar yayana ya zo gidan, mutum ne mai jiki masha Allah, kuma direba ne na gaske da ya yi shekaru yana bin hanyar Kaduna zuwa Kano, kullum yana min dariya wai ina tuƙin ƙarya. Na ce Yaya yau dai zauna ka gwada. Ya naɗe hannun riga ya zauna, na sa masa hanyar tsere ta Spa da ke Beljiyam, ya tashi lafiya, ya wuce kwanar farko yana cewa "kai, abin nan fa da gaske yake", ya gangara zai haura kwanar Eau Rouge kenan sai na ji wani ɗan ƙas daga ɓangaren dama. Daga nan moton dama ya kama juyawa ba tsayawa, zagaye cikakke, irin yadda aka ƙera shi ya yi a mota. Kujera ta shiga sama da ƙasa, sama da ƙasa, Yaya ya rungume sitiyari yana jijjiga kamar wanda aka ɗora kan injin niƙa, hula ta faɗi, yana "kashe! kashe mana!" Na rufe gem ɗin, ba ta tsaya ba. Na zare soket daga bango, ba ta tsaya ba, ai batir na nan yana ba ta wuta. Na durƙusa ina laluben sifana mai lamba goma a cikin kwalin kaya hannuna na rawa, ga hannun moto na wucewa dab da kunnena, kafin in kwance kan batirin har warin ƙonewa ya cika ɗakin, wani siririn hayaƙi na fita daga bod ɗin dama. Yaya ya sauko yana riƙe da ƙugu, bai ce min komai ba sai "Allah ya shirye ka", ya ɗauki hularsa ya koma falo. Har yau in na ce masa an gyara sai ya ce in gaida ta.

Da hankalina ya dawo na duba, abin da ya jawo duk wannan ɗan robar nan ne mai haɗa bolum da moto. Roba ce da aka buga da injin 3D, ɗan kusa ɗaya tal ke riƙe da ita, ta tsage daidai ramin kusan. Da ta tsage bolum ya daina juyawa, shi kuma Arduino yana ganin lamba ɗaya ba ta canzawa, a tunaninsa moto bai kai inda aka aike shi ba, sai ya yi ta ƙara masa wuta har ƙarshe. SMC3 yana da iyakar da yake kashe moto in bolum ya wuce ta, amma nan bolum ɗin bai wuce ko'ina ba, a tsakiya ya maƙale, don haka kariyar ba ta ma san ana yi ba. Haba jama'a, abin da zai ɗauki ƙaton mutum yana wujijjigawa ka rataya lafiyarsa a kan robar da ba ta kai murfin kwalba ƙwari ba? Kuma babu fiyus a cikin kit ɗin, babu jan maɓallin nan na kashewa na gaggawa, kuma kai mai kit da bakinka ka ce a ƙara batir ba ka ce a sa abin yanke shi ba.

Na kai bod ɗin wajen mai gyaran rediyo na bakin titinmu, ya kwance ƙarfen shanye zafin da ke bayansa ya nuna min, ƙarfen ko manne sosai bai yi da bod ɗin ba, babu man nan fari da ake shafawa, ana iya zura takarda a tsakani. An rubuta amfiya 43 a talla, shi ya yi dariya ya ce a takarda kenan. Ya kuma sa mita a jikin moton ya nuna min negatif ɗinsa a haɗe yake da jikin ƙarfen, haka yawancin moton waifa suke tunda a mota bodi ne negatif, kuma bod irin wannan mai juya wuta gaba da baya ba ya son haka, dole a buɗe moton a raba wayar da jiki. Mai kit ya san kowa moton waifa zai sa, shi ya rubuta hakan a tallarsa, amma ko layi ɗaya bai yi a kan wannan ba.

Abin da ya fi ƙona min rai ma amsarsa ce. Na tura masa hoto da bidiyo, ya buɗe ya yi shiru, da na matsa sai ya turo murya wai "Alhaji ai wanda ya hau ne ya yi nauyi, kuma kayan wuta ba a mayarwa." Nauyi? A ina ka rubuta iyakar nauyi? Kuma me ya haɗa nauyin mutum da robar bolum, ita da ba ta ɗaukar komai sai juyawa? Daga ƙarshe ya ce zai saida min wani bod ɗin da ragi, robar kuma zai ƙara min kyauta, irin waccan ɗin dai da ta tsage. Na ce na gode, ya bar ta.

Da na fara rubutun nan niyyata in ba shi uku saboda daɗin Karussell ɗin nan, amma yanzu da na sake tuno muryar nan tasa, biyu ma na yi masa kara. Arduino ɗinsa lafiya lau, fawar ma tana nan tana aiki, su kenan. Bod na sayi wani a waje na sa masa fanka, wani mai tanin ya sassaƙa min mahaɗin ƙarfe mai kusa biyu, na sa fiyus a kan batir da babban makunnin yanke batir a gefen dama inda hannu zai kai ko ana cikin jijjiga. Giyar cikin moton waifa roba ce ita ma, ta hagu ta fara sakin jiki har ina jin ɗan ƙwas-ƙwas in kujera ta canza hanya, wannan kam ba laifinsa ba ne, amma duk mai shirin haɗawa ya sayi moto uku tun farko. Bolum ɗin kuma zan canza su da irin mai maganaɗisu wanda ba ya gogawa, na yi oda tun watan jiya ana ce min yana hanya.