Littafin waƙoƙi a manhaja: a bar shi dunƙule ko a yayyanka?

In ka zuba littafin waƙoƙi mai shafi 600 a forScore ko MobileSheets, manhajojin da mawaƙa da makaɗa ke karanta takardun waƙa a ciki, ko dai ka bar PDF ɗin dunƙule kana sa alama a farkon kowace waƙa, ko ka yayyanka shi kowace waƙa da fayil ɗinta.

Ni dai gaskiya na fi son dunƙulen. Fayil ɗaya ne, kuma in ka haɗa CSV, wato fayil ɗin jadawali irin na Excel, mai sunan waƙa da lambar shafi, sai manhajar ta jera maka su lokaci guda, ba sai ka zauna kana yi ɗaya bayan ɗaya har ido ya yi ja ba. Matsalar dai lamba ce, waƙa ta 214 ba a shafi na 214 take ba, ga bango ga gabatarwa duk sun ture lissafi, in ba ka gyara ba jagora zai kira lamba kai kana can kana lalube.

Yankawa kuma tana da daɗi wajen tura wa abokin kiɗa waƙa ɗaya tak. Amma waƙa biyu a shafi ɗaya fa? Dole ka kwafi shafin sau biyu, abin da ka rubuta a wannan kuma ba zai fito a wancan ba.