Jagorar Mai Sayen Littafi kan Maita a Zamanin Furitan

'Yan ɗariƙar Furitan Kiristoci ne masu tsananin riƙo da addini waɗanda suka bar Ingila a ƙarni na 17 suka kafa garuruwa a arewa maso gabashin ƙasar da ake kira Amurka a yau. A 1692, a ƙauyen Salem na yankin Massachusetts, 'yar limamin coci Samuel Parris da 'yar ɗan'uwansa suka fara faɗuwa suna ihu, aka ce mayu ne suka kama su. Kafin kura ta lafa an zargi mutum sama da 200, an rataye 19, an kuma danne wani dattijo mai suna Giles Corey da duwatsu har ya cika saboda ya ƙi amsa tuhuma. Kotun ta karɓi shaidar mai cewa ya ga kurwar wane tana shaƙe shi, abin da ba baƙo ba ne ga Bahaushen da ya taɓa jin marar lafiya yana kiran sunan maƙwabciya cikin zafin zazzaɓi. Marubuta da yawa sun gina labari a kan wannan zamani, kuma da yake littattafan shigowa da su ake yi daga waje da tsada, ya kamata mutum ya san wanda ya dace da shi kafin ya fitar da kuɗinsa.

Wanda na fi so shi ne Slewfoot na Brom, wanda ya fito a 2021. Labarin a Connecticut yake, yankin da ke maƙwabtaka da Massachusetts, a 1666, kuma zaɓin wurin ya yi daidai, domin a can aka rataye wata mata mai suna Alse Young bisa zargin maita a 1647, shekara 45 kafin abin da ya faru a Salem. Tauraruwar ita ce Abitha, 'yar Ingila da aka aiko ta auri manomi. Mijin ya mutu ya bar ta da gona, yayansa Wallace kuma ya sa wa gonar ido, a garin da maganar mace ba ta da nauyi a gaban dattawan coci. A cikin wannan hali ta haɗu da wata halitta mai ƙaho da kofato wadda ta farka a daji ba ta san ko ita wace ce ba. Mutanen gari Shaiɗan suke ɗaukarta, Abitha kuwa ta raɗa mata suna Samson. Abin da ya riƙe ni shi ne cewa marubucin bai yi gaggawar kawo sihiri ba. Sai da ya nuna bashi da yunwa da gulmar matan gari, ya nuna yadda maganar gadon gona take rikiɗa ta zama zargin maita, ta yadda lokacin da firgici ya zo mai karatu ya riga ya gane cewa mutanen da ke zaune a sahun gaba na coci sun fi dodon daji ban tsoro. Brom asalinsa mai zane ne, shi ya zana hotunan littafin da hannunsa, kuma rabin daɗin yana cikinsu. Sai dai akwai azabtarwa da zubar da jini sosai a ƙarshensa, saboda haka ba na yara ba ne, kuma mai ƙyamar labarin da ke tausaya wa irin wannan halitta gara ya nemi wani.

Na biyu a wurina shi ne I, Tituba, Black Witch of Salem, littafin Maryse Condé, 'yar tsibirin Guadeloupe da ke yankin Karibiyan, game da Tituba, baiwar gidan Parris wadda tana cikin mata uku na farko da aka zarga. Da Faransanci aka rubuta shi a 1986, don haka masu karatu a Maraɗi da Damagaram za su iya karanta asalinsa, an kuma fassara shi zuwa Turanci. The Crucible na Arthur Miller, na 1953, wasan kwaikwayo ne kan shari'ar Salem da ya fi damuwa da siyasar Amurka ta zamanin McCarthy, sanatan da ya yi farautar masu ra'ayin kwaminisanci, kuma ya ƙara wa Abigail Williams, 'yar ɗan'uwan Parris ɗin nan, shekaru daga 11 zuwa 17 don ya ƙulla soyayyar da ba a yi ba. The Witch of Blackbird Pond na matasa ne, babu abin firgita a ciki. The Witches na Stacy Schiff kuwa tarihi ne zalla, mai nauyi, sai mai haƙuri.

Babbar matsalar ita ce jabu, kuma Slewfoot ya fi sauran cutuwa da ita. Wani mai sayarwa a intanet ya taɓa aiko mini da kwafin da aka buga ta bayan fage: hotunan masu launi sun zama baƙin dabbare, takardar ta yi siriri har rubutun baya yana leƙowa, gam ɗin kuma ya saki tun ban kai tsakiya ba. Saboda haka kada ka yarda da hoton bango kawai, domin daga shafin mawallafi ake kwafo shi. Ka nemi mai sayarwa ya buɗe littafin a bidiyo ya nuna maka shafukan zane da launinsu, da shafin da ke ɗauke da sunan Tor Nightfire, kamfanin da ya wallafa shi, ka kuma gwada lambar shaidar littafi, wato ISBN, ta bayan bango da wadda ke ciki. Farashin da ya faɗi ƙasa da rabin na kantunan kirki alama ce ta algus. Ka kula da siraran littattafai masu ɗauke da sunan asalin da manyan baƙaƙe, sannan kalmar taƙaitawa da ƙanana a ƙasa, domin ba marubucin ya rubuta su ba. Masu tallar PDF a WhatsApp kuwa sau da yawa kwafin sata suke turawa, wani lokaci babu babin ƙarshe, wani lokaci ma da zarar kuɗi ya shiga sai a toshe lambarka. Idan dole ne a aiko maka daga Legas ko Abuja, ka nemi a yi biya bayan karɓa, ka ƙirga shafukan a gaban ɗan aike kafin ya tafi.