Tafasa Ruwan Sha ko Zuba Masa Kulorin

Idan aka bar ruwa ya tafasa sosai na minti 1, ƙwayoyin cutar kwalara da taifot suna mutuwa, har da wasu masu taurin rai da kulorin, sinadarin da ake zubawa a ruwa don kashe ƙwayoyin cuta, ba ya iya musu. Sai dai tafasawa tana cin itace, kuma da zarar ruwan ya huce, moɗa ɗaya mai datti ta isa ta sake gurɓata shi. Kulorin kuwa ya fi araha. Bayan an zuba shi, ana jiran minti 30 kafin a sha, ragowarsa kuma tana ci gaba da tsare ruwan a mazubi. Ruwa mai laka yana rage masa ƙarfi, dole a tace tukuna. A lokacin annobar kwalara, da gidaje masu yawa ke cikin buƙata, kulorin ya fi dacewa.